Kaboyi Ya Sauka Daga Kan Bijimi: Tarken Ra'ayoyin Masu Karatu Kan Littafin Flawless na Elsie Silver

Gabatarwa

Tun da aka fara koyar da tarken ƙagaggun labarai a sassan Hausa na jami'o'inmu, akwai wata tambaya da har yau ba a gama amsa ta ba: shin ra'ayin mai karatu hujja ce a wajen matarki, ko kuwa hayaniyar kasuwa ce da ya kamata a toshe kunne daga barinta? Wannan tambaya ba ta malamai ce kaɗai ba. Duk shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe sukan rubuta kundaye a kan littattafan soyayya, su raba takardun tambayoyi, su ƙirga waɗanda suka ce littafi ya yi daɗi da waɗanda suka ce bai yi ba, sannan su ajiye alƙalami kamar an gama nazari. Wasu kuma sukan yi akasin haka, wato su yanke wa littafi hukunci ba tare da sun damu da ko mutum ɗaya daga cikin masu karanta shi ba. Manufar wannan takarda ita ce mu ɗauki littafi guda, mu auna abin da masu karatunsa suke faɗa da abin da yake cikinsa, domin mu ga inda suka yi daidai, da inda suka kauce, da kuma inda suka yi shiru.

Da gangan muka zaɓi littafin da ba na gida ba. Idan aka ambaci littafin soyayya na Hausa, nan da nan sai tsohuwar muhawarar adabin kasuwar Kano ta shekarun 1990 ta farfaɗo, kowa ya koma sahun da ya saba tsayawa, ko bayan Ibrahim Malumfashi ko bayan Abdalla Uba Adamu, littafin kansa kuwa a manta da shi. Littafin da ya fito daga Kanada ba shi da dangi a cikinmu, saboda haka za mu iya duban sa da sanyin rai.

Labarin a Taƙaice

Flawless, wanda ma'anar sunansa ita ce "marar aibi", ya fito a 2022 daga alƙalamin Elsie Silver, marubuciya 'yar ƙasar Kanada. Shi ne na farko a jerin littattafai biyar da ake kira Chestnut Springs, sunan wani ƙagaggen ƙaramin gari a lardin Alberta. Marubuciyar ce ta fara fitar da shi da kanta, sai da ya samu kasuwa sannan kamfanin Bloom Books ya sake buga shi. Wanda ya san yadda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga hannun jama'a ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Tauraron labarin shi ne Rhett Eaton, gwanin hawan bijimi a wasan da ake kira rodiyo. Domin mai karatu ya fahimci haɗarin wannan sana'a, sai ya tuna da hawan ƙaho na mahautanmu, sai dai a can a gadon bayan bijimin ake zama. Dole mahayi ya daure daƙiƙa 8 a kan dabbar da nauyinta kan kai kilo 700 ko fiye, yana riƙe da igiya da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana sama bai taɓa jikinsa ko jikin bijimin ba. Maki 100 ake rabawa, rabi na mahayi, rabi na bijimi. Wasa ne da ake mutuwa a cikinsa: Lane Frost, zakaran duniya na 1987, a fili ya rasu a garin Cheyenne a 1989 yana ɗan shekara 25, bayan bijimin da ya sauka daga kansa ya juyo ya tunkuye shi da ƙaho.

Rhett ya ci kambin duniya sau biyu, yana neman na uku, sai bakinsa ya ja masa. An ɗauke shi a bidiyo yana cewa ya tsani madara, alhali masu sana'ar madara suna cikin masu ɗaukar nauyinsa, daga bisani kuma ya kai wa wani mutum naushi. Manajansa, Kip Hamilton, sai ya haɗa shi da 'yarsa Summer, wadda ta karanta shari'a take aiki a kamfanin mahaifinta, ya ce ta bi shi sau da ƙafa har kakar wasa ta ƙare, kada ya sake yin wata ɓarna. Ta tare a gandun kiwon iyalin Eaton, ta riƙa bin sa gari-gari. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. An tsara labarin babi-babi, wannan da bakin Summer, wancan da bakin Rhett. Ya kamata kuma mu faɗa wa ɗalibai tun da wuri cewa littafin yana ɗauke da bayanin saduwa ƙarara, irin wanda ba a saba gani a bugaggun littattafanmu ba.

Su Wane ne Masu Karatun?

Kafin a ce "masu karatu sun ce", wajibi ne a tambaya: waɗanne? Ra'ayoyin da ake samu a kan wannan littafi galibi suna taruwa ne a dandalin Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kamfanin Amazon ya saye shi a 2013, da kuma sashen masu son littattafai na TikTok, wanda ya bunƙasa daga 2020. Akasarinsu mata ne masu karatu da Ingilishi, waɗanda suka riga suka karanta irin wannan labari da dama. Suna da ma'auninsu na kansu. Akwai taurari, daga ɗaya zuwa biyar, na nuna gamsuwa. Akwai hoton barkono, wanda yawansa ke nuna yawan bayanin saduwa. Sannan akwai abin da za mu kira tubalan labari, wato sanannun dabarun zubi da ake jerawa tun kafin a buɗe littafi: an tilasta wa mutum biyu zama wuri ɗaya, gado ɗaya ne kawai a masauki, yarinyar 'yar maigida ce don haka haramtacciya ce, ƙiyayya ta rikiɗe ta zama ƙauna. Da waɗannan ake tallar littafi, da su kuma ake yi masa hisabi.

Wannan shi ne abin da Stanley Fish ya bayyana a littafinsa na 1980, inda ya nuna cewa mai karatu ba shi kaɗai yake karatu ba, yana cikin wata jama'a ce da ta riga ta amince da hanyoyin fahimtar matani. Kafin shi Hans Robert Jauss na jami'ar Konstanz a Jamus ya yi bayanin cewa kowane mai karatu yakan zo wa littafi da tsammanin da littattafan baya suka gina masa. Ke nan idan wata ta ba Flawless taurari biyar, ba da Magana Jari Ce take auna shi ba, ba kuma da littattafan Jane Austen ba. Tana auna shi ne da alkawarin da bangonsa ya yi mata. Ɗalibin da bai san wannan alkawari ba, ƙirgen da ya yi ba zai gaya masa komai ba.

Idan aka tattara ra'ayoyin, za a ga masu yabo suna maimaita abubuwa uku: barkwanci da cacar bakin da ke tsakanin taurarin biyu, musamman yadda zancen madara yake dawowa a kai a kai, ɗumin gidan Eaton, da dattijo Harvey da 'ya'yansa masu tsokanar juna, sai kuma yadda Rhett yake kula da Summer. Masu suka kuwa suna cewa tun daga babin farko an san ƙarshe. Cewa rabuwar da ake yi dab da ƙarshe dole ce kawai aka cusa. Cewa tsakiyar littafin ya yi nauyi da shimfiɗa har labari ya tsaya. Akwai kuma wata magana da ake yawan ji daga ɓangarorin biyu, cewa littafi na biyu, Heartless, wanda ya ba da labarin Cade yayan Rhett da Willa ƙawar Summer, ya fi wannan armashi.

"Mun San Ƙarshe"

Ba za mu daɗe a kan wannan ƙorafi ba, domin shi ne mafi rauni. Labarin soyayya irin wannan ba ya ɓoye ƙarshensa, kamar yadda tatsuniyar Gizo ba ta ɓoye cewa Gizo zai yi wayo. Janice Radway, wadda ta zauna da mata 42 masu karanta irin waɗannan littattafai a wani garin Amurka da ta sakaya sunansa, ta wallafa sakamakon a Reading the Romance a 1984, ta gano cewa kyakkyawan ƙarshe yana kan gaba a cikin abubuwan da suke buƙata, kuma littafin da ya hana su shi suna ɗaukar sa a matsayin wanda ya ci amana. Wanda ya yi ƙorafin sanin ƙarshe ya shiga rumfar mai tsire ne yana tambayar fura. Abin tambaya a irin wannan adabi shi ne ta wace hanya aka isa ƙarshen, kuma me aka biya kafin a isa.

Rabuwar Dab da Ƙarshe

A nan ne gizo yake saƙa, kuma a nan ne muke ganin masu suka sun yi gaggawa. Gaskiya ne cewa marubuta da yawa sukan ƙirƙiro rashin fahimta marar tushe don kawai su raba masoya na 'yan shafuka, wasiƙar da ba ta isa ba, ko maganar da aka ji rabinta a bayan ƙofa. Masu karatu sun gaji da wannan, kuma suna da haƙƙin gajiya. Pamela Regis, a littafinta na 2003 kan tarihin labarin soyayya, ta lissafa sassa 8 da ba ya tsayuwa sai da su, ciki har da shingen da ke hana haɗuwa, da kuma lokacin da fata ke yankewa gaba ɗaya har a ga kamar auren ba zai yiwu ba. Saboda haka samuwar rabuwa ba laifi ba ce. Laifin shi ne ta zama ba daga cikin halayen taurarin ta tsiro ba.

To, daga ina rabuwar Flawless ta tsiro? Tun da farko an nuna mana Rhett yana ɓoye ciwon kafaɗa, yana hawa a haka. An nuna mana danginsa ba sa murna da sana'arsa, suna so ya bari, shi kuwa yana fassara tsoronsu a matsayin rashin goyon baya. Mahaifiyarsu ta rasu tun suna yara, don haka gidan ya san zafin rashi. An nuna mana Theo Silva, matashin da Rhett yake renon sa a sana'ar, wanda mahaifinsa a wannan wasa ya mutu. Sa'ad da bijimi ya ka da Theo, Rhett ya faɗa kansa ya kare shi da jikinsa, ya samu mummunan rauni, amma duk da haka ya dage sai ya hau a gasar ƙarshe. Summer ta roƙe shi ya haƙura, ya mayar mata da maganar da ta ƙasƙantar da abin da ke tsakaninsu. Wannan ba wasiƙar da ta ɓata a hanya ba ce. Mutum ne da bai san kansa ba sai a kan bijimi, aka ce masa ya sauka. Ita kuma yarinya ce da ta yi ƙuruciyarta a gadon asibiti da ciwon zuciya, ta san abin da ake nufi da jiran likita a bakin ƙofa, aka ce mata ta zauna ta yi tafi. Duk wanda ya bi zaren labarin zai ga cewa ba yadda za a yi waɗannan biyu su kauce wa karo.

Muhimmancin wannan karo ba zai fito sosai ba sai an ajiye littafin kusa da kakanninsa. Labarin kaboyi a matsayin adabi ana danganta kafuwarsa da The Virginian na Owen Wister, wanda ya fito a 1902. A can ma akwai soyayya, tsakanin kaboyin da wata malamar makaranta, Molly Wood, wadda ta zo daga gabashin Amurka. A jajibirin aurensu abokin gabarsa Trampas ya ƙalubalance shi da bindiga. Molly ta ce idan ya fita to babu aure. Ya fita, ya kashe Trampas, ya dawo, ita ce ta sauko daga maganarta ta aure shi. Bayan shekara 50 fim ɗin High Noon na 1952 ya maimaita wannan tsari: amarya ta roƙi ango su bar gari, ya ƙi, a ƙarshe ita da aƙidarta ta hana zubar da jini ta ɗauki bindiga ta taya shi. A Shane na 1953 kuwa ko zaman ma babu, jarumin ya gama aikinsa ya hau doki ya nufi duwatsu, yaro yana kiran sa bai juyo ba. Waɗannan finafinai da ire-irensu su ne suka cika gidajen siliman biranenmu a wancan zamani har kalmar kaboyi ta zauna daram a bakin Bahaushe, kuma su ne Moustapha Alassane na Nijar ya yi wa shaguɓe a fim ɗinsa na 1966, inda samarin ƙauye suka sa malafa suka ɗaura bindigogi suka addabi mutanensu.

Jane Tompkins, a littafinta West of Everything na 1992, ta yi bayanin cewa labarin kaboyi ya taso ne a matsayin martani ga littattafan da mata suka mamaye kasuwar Amurka da su a ƙarni na 19, masu cike da zancen gida da ibada da hawaye. Saboda haka ya gina namijin da ba ya yarda da magana, wanda ke jure ciwo bai ce uffan ba, wanda kuma roƙon mace a wurinsa jarrabawa ce da dole ya tsallake. Idan muka riƙe wannan a zuciya muka koma babin gasar ƙarshe a Flawless, sai mu ga abin da Elsie Silver ta yi. Rhett ya isa Las Vegas, ya zauna a kan bijimin a cikin keji, saura a buɗe ƙofa, kambi na uku yana gabansa. Ya hango Summer a cikin 'yan kallo, sai ya sauka bai hau ba. Wato wurin da Molly ta sauko a 1902, a nan namijin ne ya sauko. An ɗauki jarumin da aka ƙera musamman don ya ƙi sauraron mata, an shigar da shi cikin adabin da mata suke rubutawa suke karantawa, an sa shi ya saurara.

A ganinmu wannan shi ne jigon littafin, kuma shi ne sirrin farin jininsa, ko da masu yabon ba su faɗe shi da wannan lafazi ba. Sa'ad da suke cewa Rhett ya iya kula da mace, abin da suke nufi ke nan. Radway ma ta lura da haka a wajen matan da ta yi hira da su: jarumin da suka fi so shi ne mai ƙarfi da kwarjini wanda daga baya ya nuna tausayi da kulawa irin wadda su suke ba kowa a gidajensu amma ba mai ba su. Ke nan mai karatu ta ji abin a jikinta daidai, sai dai ba aikinta ba ne ta bi sawunsa har zuwa 1902. Wannan aikin matarki ne. Masu sukar rabuwar kuwa sun ga siffar abin da suka saba ƙi, suka yi jifa tun kafin su duba. Da za a cire wannan rabuwa, saukar Rhett ba za ta zama komai ba, domin ba za mu san abin da ya bari ba.

Duk da haka ba za mu bar marubuciyar ta wuce salin-alin ba. Ta sauƙaƙa wa kanta aiki da ta ba Rhett kambi biyu tun kafin labari ya fara, ta kuma ba shi gandun iyali da zai koma. Mai kambi biyu da gado idan ya bar na uku ya yi sadaukarwa, amma ba irin ta matashin da ba shi da komai sai igiyarsa ba.

Inda Aka Yi Shiru

Akwai wurare biyu da muke ganin ra'ayin jama'a bai tsaya yadda ya kamata ba, kuma su ne suka fi nuna iyakar ƙirgen taurari.

Na farko shi ne labarin Rob. Summer 'yar da Kip ya haifa ce a waje da mai renon gidansa, ta tashi a hannun matar uba da ba ta ƙaunar ta, tare da yayarta Winter wadda ke nesa-nesa da ita. Rob likitan zuciya ne da ya yi mata aiki tana budurwa ƙarama. Da ta kai shekarun girma ya nemi ta a ɓoye, daga baya ya bar ta ya auri Winter, amma bai daina kiran ta ba, ita kuma ta riƙe sirrin. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Likita ne ya yi amfani da amanar majiyyaciyarsa da ƙuruciyarta. Wasu masu karatu sun nuna ƙyamarsu ga Rob, amma galibi a matsayin mugun tsohon saurayi, wato wani tubali daga cikin tubalan da aka saba. Littafin kansa ma kusan haka ya ɗauke shi. Ya fi amfani da Rob wajen haska kyawun Rhett fiye da bincika abin da aka yi wa Summer. Abin da ya fi damun mu shi ne yadda asirin ya tonu: a asibiti, lokacin da Kip yake kwance da bugun zuciya, Rhett ne ya fasa ƙwan a gaban dangi cikin fushi, ba tare da izinin mai sirrin ba. Marubuciyar ta bar Summer ta yi fushi da wannan, kuma ta kyauta da ta yi haka. Amma zubin labarin ya nuna cewa wannan katsalandan shi ne ya 'yantar da ita. Littafin da ya sa kaboyi ya saurari mace a filin wasa, shi ne kuma ya bar shi ya ƙwace mata magana a wurin da ya fi dacewa a ji muryarta. Wannan saɓani yana tsakiyar littafin, kuma ba barkono ko tauraro da zai auna shi. Winter, wadda aka rusa wa aure a wannan fage, sai a littafi na huɗu, Reckless, aka ba ta bakin magana.

Na biyu shi ne kaboyin kansa. Masu karatu sukan ce suna son littafin saboda yanayin karkara da rayuwar makiyaya. Amma ina shanun? Kaboyin tarihi ɗan ƙwadago ne mai ƙaramin albashi, wanda ya gaji sana'arsa da kayan aikinsa daga makiyayan Meziko. Zamanin da ya yi tashe gajere ne, daga bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865 zuwa tsakiyar shekarun 1880, lokacin da ake koro garkuna daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas irin su Abilene. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu wannan aiki baƙaƙen fata ne. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da yaɗuwar layin dogo, da mummunan sanyin 1886 zuwa 1887 da ya hallaka dabbobi masu yawa, su suka rufe wannan babi. Abin da ya rage aka mayar da shi wasa da kallo, kamar bikin Stampede na birnin Kalgari a lardin Alberta, wanda aka fara a 1912. Rhett ɗan wannan wasa ne. Ba makiyayi ba ne, ɗan wasa ne mai manaja da kwangilar talla, wanda babbar matsalarsa a farkon labari ita ce sunansa a idon kamfanoni. Aikin gandun yana wuyan yayansa Cade, kuma daga nesa muke hango shi.

Ba muna cewa wajibi ne labarin soyayya ya zama littafin tarihi ba. Abin da muke cewa shi ne, abin da masu karatu suke kira karkara a nan sutura ce: malafa, da wandon jins, da dogayen takalma, da faɗuwar rana a bayan duwatsu. Ba fari, ba bashin banki, ba faɗuwar farashin nama, ba kuma 'yan asalin ƙasar da aka kafa waɗannan gandaye a kan filayensu. Dalilin da ya sa ba a ƙorafi a kan wannan shi ne ba wanda ya zo neman sa. Littafin ya fito ne a lokacin da kasuwar wannan sutura take ci. Shirin talabijin na Yellowstone, wanda ya fara a 2018 ya ƙare a 2024, ya riga ya share fage. Done and Dusted na Lyla Sage ya biyo baya a 2023 da labarin wata mai tseren doki a jihar Wyoming. A 2024 kuma Beyoncé ta fitar da kundin waƙoƙinta Cowboy Carter, wanda ya sake tayar da zancen gurbin baƙar fata a wannan al'ada. Mai karatu a birnin Landan ko Toronto da ta ɗauki Flawless bayan ta tashi daga aiki, hutu take nema daga birni, kuma Summer, 'yar birni mai takalma masu tsini da ta ƙare da zama a ƙaramin gari, ita ce ƙofar da take shiga ta ciki.

Ɗalibin da ya taso inda kiwo yake sana'a ta gaske, wanda ya san abin da ake nufi da neman burtali da mashaya da rigimar gona, zai ga wannan giɓi tun a karatun farko, alhali dubban masu ba da taurari sun wuce shi ba su waiwaya ba. Ba don ya fi su basira ba ne, sai don jama'ar da ya fito daga cikinta daban ce, tsammaninsa ma daban. Shi ma kuma akwai abin da zai tsallake wanda su suka gani, alal misali nauyin da ke cikin mace ta bar aikin da mahaifinta ya shimfiɗa mata ta zaɓi nata, kamar yadda Summer ta bar kamfanin Kip ta koma harkar horar da 'yan wasa da motsa jiki. Da za a ba waɗannan masu karatu biyu takardar tambayoyi iri ɗaya, mai yiwuwa dukansu su zaɓi "ya yi daɗi", a rubuta su a layi ɗaya a cikin jadawali, alhali ba littafi ɗaya suka karanta ba.